Tafasa a Bokiti

Duk ranar Asabar da safe sai ɗalibai uku ko huɗu sun hauro daga bakin titin Samaru zuwa barandata, wai sun zo koyon zanen tsirrai. Makon jiya wata mai dogon farce ta tsaya a kaina ina saka wa ganyen zogale launi, ta ce, "Mama Rifkatu, ai wannan simful ne. Ruwa ne fa kawai da kala." Na ce mata haka ne 'yata, tuwo ma ruwa ne kawai da gari. Na miƙa mata burushi. Kafin minti goma takardarta ta jiƙe ta kumbura, zogalen ya koma kamar an zubar da miyar kuka a kan tabarma. Muka yi ta dariya har da ita. Saboda ita da ire-irenta na zauna rubuta wannan, don bakina ya gaji da maimaitawa.

Sana'ata ita ce in zana tsiro da fentin ruwa yadda wanda ya gan shi a takarda zai gane shi in ya haɗu da shi a gona ko a daji. In zanen ya yi kyau, madalla, amma ba kyan ake biya ba. Na fi shekara arba'in ina wannan aiki. Kullum kuna ce mini waya za ta ɗauka a ƙiftawar ido. Za ta ɗauka, amma har da ciyawar da ke bayansa da inuwar mai ɗaukar, duk kore a cikin kore. Mai zane shi ne yake zaɓar abin da ido ya kamata ya kama.

Aikin farko da aka ba ni ganyen gyaɗa ne. Na gama sakandare ke nan, kawuna ya kai ni wajen Baba Istifanus, wanda yake yi wa masu binciken noma na nan Samaru zane tun kafin a haife ni. Dogon mutum ne marar yawan magana, da tabarau ɗaure da zare. Bai tambaye ni takardar shaida ba. Ya fita bayan ofis, ya tsinko ganyen gyaɗa guda, ya ajiye mini tare da fensir. Wata uku cur ina zana ganyen gyaɗa, kullum sabo, ba launi ko ɗigo. In na kai masa sai ya ɗaga tabarau ya ce, "Rifkatu, abin da kika sani kika zana, ba abin da kika gani ba. Koma." Sai a wata na huɗu ya bar ni na taɓa fenti, shi ma don in wanke masa farantin da yake damawa a kai.

Kayan aikinsa ba su cika jaka ba. Burushin shago yana zubar da gashi a kan takarda, saboda haka da kansa yake haɗa nasa: gashin wutsiyar kurege, ya jera shi ya ɗaure da zare, ya cusa a cikin bututun gashin agwagwa. Har yau da irinsa nake jan jijiyar ganye. Akwai reza don tsaga fure a ga cikinsa, da gilashin ƙara girma, da kamfas na awo, don a wannan aiki ba a cewa "kamar haka yake". Takarda mai kauri ce, a jiƙa ta, a shimfiɗa a kan allo, a manne gefunanta ta bushe a miƙe. Ruwa kuwa ba kowane ba. Na rijiyarmu yana kashe shuɗi, don haka na sama muke tarawa a tulu, ban da na farko da ya wanke kwano. Ya koya mini cewa kore ba a sayensa, haɗa shi ake yi da rawaya da shuɗi da ɗan ɗigon ja, kuma kowane ganye da nasa. Ya kuma koya mini cewa ba mu da farin fenti. Farin takarda shi ne farinmu, in ka rufe shi ka rufe ke nan.

Amma babban ma'auninsa ba a ofis yake ba, yana kasuwar Sabon Gari, a layin masu ganye. Duk zanen da ya gama, kafin ya miƙa wa masu digiri, sai ya rufe sunan da ke ƙasa da babban yatsa ya nuna wa matan nan. In sun faɗi sunan tsiron nan take, ya ci. In sun tsaya "to, kamar dai", ya faɗi, ko da ya kwashe mako biyu a kansa. Alƙaliyar layin ita ce Gwaggo Laraba, mai sayar da rama da lalo da zogale. Ba ta taɓa riƙe fensir ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san ƙima. Ranar da aka fara kai nawa, zanen yakuwa ne da na yi alfahari da shi, ta dube shi ta ce, "'Yar nan, yakuwarki ba ta da tsami." Na koma gida ina fushi, ina cewa ta yaya za a zana tsami. Washegari na sake duba tsiron, na ga jan da ke bin karan har cikin jijiyar ganye, wanda na bari a baya. Tun daga ranar na daina gardama da ita, kuma da Baba ya yi ritaya na gaji al'adar tare da tulun.

Zanen wuta-wuta, ciyawar nan da ke shanye dawa tun daga saiwa, shi ya fara fitar da ni ƙasar waje. Wasu masu bincike suka gan shi, suka ce in bi su Maraɗi. A can na gane cewa ƙasa ba tuta kaɗai take canzawa ba, har bushewar fenti. Kafin burushi ya taso daga faranti ya isa takarda ya bushe, sai da na riƙa ɗiga zuma a ruwan. A kudancin Kamaru kuwa takarda takan kwana biyu ba ta bushe ba, in ka yi sake ta yi fumfuna. A wata kan iyaka wani jami'i ya buɗe gwangwanin fentina, ya ga 'yan dunƙulayen launi a jere, ya ɗauka alewa ce, ya lashi shuɗin kafin in buɗe baki. Ya buga mini hatimi da shuɗin harshe, kowa a layi yana danne dariya.

Daga baya wani lambun bincike a ƙasar Holan ya riƙa ɗaukata, wata shida can, wata shida gida. Na yi shekara huɗu a haka. Na koyi sa safa biyu, na koyi hawan keke da girmana, na koyi cewa haskensu toka-toka ne, koren da ka haɗa a can in ka kawo shi ranar Zariya sai ya yi kamar marar lafiya. Suna da ɗakunan gilashi masu zafi da suke rainon tsirran ƙasashenmu a ciki, kowanne da lambarsa a wuya. A shekara ta huɗu shugabar sashenmu, Madam Hanna, ta ce za su ba ni kujera ta dindindin, da gida da fansho. Sharaɗi ɗaya ne: in je hutun mako huɗu, in dawo bakin aiki kafin furanninsu na bayan sanyi su buɗe, don lokacin ne aiki yake taruwa. Maigidana malamin firamare ne, 'ya'yanmu uku suna makaranta. Ba sai na gaya muku yadda muka ji da wannan labari ba.

A cikin akwatin da na taho da shi hutun nan akwai zane arba'in na wani aiki daban. Dakta Mahaman, likitan yara da na sani tun Maraɗi, shi ya roƙe ni. Yana haɗa ƙaramin littafi na ganyayen daji da ake ci a farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai iso ba. Hoto babba, rubutu kaɗan, don ma'aikatan lafiya su riƙa nuna wa matan da suka tashi a gari ba su san daji ba, da yaran da ake aike tsinko ganye. Ya ce ya gaji da ganin yara a gadon asibiti saboda an tsinko wani a maimakon wani. A nan Sabon Gari za a buga, kuma dole a raba shi kafin ruwa ya sauka. Talatin da huɗu na yi su a gida da daminar da ta wuce. Sauran shida, cikinsu har da tafasa, a ɗakin gilashin Holan na zana su.

Tafasar nan ta Holan ta sha gata. Ta yi tsawo har ƙuguna, ganyenta ya miƙe ya yi haske, ta cika da furanni rawaya. Na sa furannin a tsakiyar takarda yadda ake yi a can, na tsaga ɗaya na nuna cikinsa. Abokan aikina suka taru suna yabawa, har aka ce a rataye kwafinsa a zaure. Ni ma a raina na ce a cikin arba'in ɗin babu kamarsa.

Kwana biyu da saukata na ɗauki zanen na nufi layin masu ganye. Gwaggo Laraba ta tsufa, amma tana nan a kan kujerarta, Iya Basira mai lalo a damanta, Mama Chidi mai ugu, ganyen miyar Ibo, a hagunta. Aka yi gaisuwa, aka ce na yi fari, aka ce na rame, aka tambayi tsaraba. Sannan na fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, yatsana a kan suna. Rama. Gasaya. Zaƙi-banza. Ɗinkin. Suna faɗa tun ban gama ɗagawa ba, ina ta jin daɗi. Da gangan na bar tafasa a ƙarshe.

"Rai-ɗore," in ji Iya Basira.

"Na im," in ji Mama Chidi da Turancin kasuwa, wato shi ne, ta koma kan cinikinta.

Na sauke takardar. Ga waɗanda ba su sani ba, tafasa da rai-ɗore 'yan gida ɗaya ne, tare suke fitowa a juji da bakin hanya, furanninsu duk rawaya. Tafasa ana kwaɗonta ana miyarta. Rai-ɗore kuwa magani ne, in yaro ya ci da yawa yakan sha wuya. Ainihin kuskuren da aka yi littafin don a hana ke nan.

Gwaggo ta karɓi takardar, ta nisanta ta da idonta, ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Tafasa ce. Amma tsohuwa ce, kuma ba 'yar ƙasar nan ba."

Na ce, "Gwaggo, ai komai nata daidai ne. Ganye uku-uku a jere, ga bakinsu a zagaye. Da kamfas na auna."

"Na ji. Ke kin taɓa ganin wadda ta tsinki tafasa da fure? In ta yi fure ta wuce miya, sai awaki ma su bi ta gefenta. Mu da ƙuruciyarta muka san ta, tana kamar tsawon tafin hannu. Wanda ake kallo da fure a bakin hanya rai-ɗore ne. Ki nuna wa yarinya wannan, rawayar za ta riƙe a kanta, ta je ta tsinko miki abin da ya fi kusa."

Shekara ashirin ina zane a lokacin, ban taɓa tambayar kaina a wane shekaru masu cin tsiro suke saninsa ba. Mu masu zane fure muke jira, don da shi masu ilimi suke rarrabe dangi. Masu miya kuwa kafin furen suke gamawa da shi.

Na gaya wa Dakta Mahaman ta waya. Ya ce ko dai a buga haka, tunda a ilimance ba kuskure, ko a cire shafin. Na ce in an buga haka da sunana a ƙasa, ba zan ƙara bin layin masu ganye ba. In kuma an cire tafasa daga littafin ganyen yunwa, me ya rage? Ita ce aka fi ci daga nan har Damagaram. Ya ce mai ɗab'i zai iya jira mako shida, ba ƙari, in ba haka ba ruwa zai riga littafin isa ƙauye.

Sai ga shi tsakiyar rani ne, ko'ina ƙasa ta bushe, babu ɗanyar tafasa ko ta magani. Na bi fadamun masu noman rani, duk sun nome ta. Na ce to bari in yi daga ka, ai tun ina yarinya nake tsinkarta. Na kwana biyu a kai, na kai wa Gwaggo. Ko karɓa ba ta yi ba, ta ce, "Gyaɗa." Da na sake dubawa, wallahi gyaɗa ce. Wata ukun Baba Istifanus ne suka fito ta hannuna ba tare da izinina ba.

Saura shuka. Na je wani kango a Palladan inda busassun karan tafasa suke tsaye, na ɓare 'ya'yan, na ɗebi na rai-ɗore kaɗan. Na cika tsohon bokiti da ƙasa da taki, na zuba na tafasa, na sa na rai-ɗore a gwangwanin madara. Safe da yamma ina ba su ruwa. Kwana uku, shiru. Mako guda, shiru. Kwana goma, ƙasa kawai nake kallo, maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna tambaya ko zinariya na binne. Na koma wajen Gwaggo da fuska a murtuke.

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Haka kawai kika zuba? Ai tafasa taurin kai gare ta. Sai ta ga rana da ruwa sun yi ta dukanta kafin ta buɗe. Ki goga kowace ƙwaya a dutsen niƙa, ki zuba mata ruwan zafi ta kwana a ciki."

"Gwaggo, me ya hana ki gaya mini tun farko?"

"Kin tambaya? Na ɗauka masu zuwa Turai sun san komai."

Na yi yadda ta ce. Kwana huɗu sai ga kawuna bakwai sun ɗago ƙasa. Na yi ihu har maigidana ya fito da reza a hannu, rabin gemu da kumfa. Amma da na ƙirga kwanaki sai murnar ta ragu. Saura kwana takwas jirgina ya tashi.

Ana saura kwana uku na ɗauki bokitin na shiga bas daga Samaru zuwa Sabon Gari, na rungume shi a cinya. Kwandasta ya ce, "Madam, wannan ciyawar ita ma za ta biya kuɗin kujera?" Na ce masa ta fi shi muhimmanci a yau, a ja mota. Gwaggo ta sunkuya ta duba, ta taɓa da ɗan yatsa. Ganyen gaske biyu ne kacal suka fito a saman na farkon da ta tsiro da su. Ta ce, "Jaririya ce. Yanzu ko ni ba zan rantse ba. Ki ba ta kwana goma, ko sha biyu."

Tafiya da ita ba ta taso ba, ba a shiga jirgi da ƙasa da ɗanyen tsiro. In na tafi da iri na shuka a ɗakin gilashi, na koma gidan jiya, ga kuma lokaci ya ƙure. Na shiga shagon buga waya na kira Madam Hanna, na yi mata bayani tiryan-tiryan, na roƙi mako biyu. Mace ce mai kirki, ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce, "Rifkatu, na fahimta. Amma furanninmu ba sa jira, kuma akwai wadda take jiran kujerar in ba ki zo ba. Ba ni da ikon riƙe ta." Na ce mata nawa tsiron ma ba ya sauri. Muka yi dariya mu biyu, irin wadda ba ta kai ciki ba.

Daga nan na wuce gidan Baba Istifanus. Hannunsa ya riga ya fara rawa, ko kofi da hannu biyu yake riƙewa, balle in ce ya zana mini. Gaskiya so nake ya ce in tafi, in samu wanda zan ɗora wa. Na zayyana masa komai. Ya ce, "Ni ban koya miki shiga jirgi ba, ban san dokarsa ba." Can kuma ya ce, "Akwai sauran ruwan sama a tulun?" Na ce akwai. Ya ce, "To." Iyakar shawarar da na samu ke nan. A gida maigidana ya ce da albashin firamare aka haifi yaran, da shi za su girma, in yi abin da zan iya kallon fuskata da shi.

Ranar da jirgin ya tashi daga Kano ina zaune a kan turmi a tsakar gida, ina korar kajin maƙwabta daga bokiti. Na ji zafi, ba zan ɓoye muku ba. Na yi kuka kaɗan, sannan na tashi na ba shi ruwa, don lokacinsa ya yi.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi wuya a sana'ata, kuma kujerar ba ta sake dawowa ba. Na zana wa wani kamfani a Chikaji tumatirin da za a manna a gwangwani, manajan yana cewa in ƙara ja, ina cewa Allah bai halicci tumatir mai wannan jan ba, yana cewa shi ba Allah zai sayar wa ba. Na yi wa matar wani hafsa a Basawa furanni shida na falo, ta zo da ƙyallen labulenta ta ce su dace da shi, na yi mata fure mai ruwan ƙasa-ƙasa wanda babu shi a duniya. Na yi kalanda, na yi katin bikin godiyar girbi na coci uku. Babban ɗanmu ya bar makarantar kwana ya koma ta jeka-ka-dawo. Ba mu kwana da yunwa ba, amma nama sai ran Lahadi. To, wannan duk daga baya ne, bari in koma kan bokitin.

A kwana na goma sha ɗaya bayan ganin Gwaggo, tafasar ta kai tafin hannu. Zana tsiro mai rai yana da nasa wayo. Tafasa tana naɗe ganyenta da yamma, in ka tsinke ta kuma nan da nan ta langaɓe, saboda haka a cikin bokitin na zana ta, daga hantsi zuwa azahar kawai. Kuma tana girma kana kallo. Ranar farko na auna komai da kamfas na kafa da fensir, don na san gobe ba haka zan same ta ba. Rana ta biyu na shimfiɗa launin farko, siriri kamar ruwan shayi, na jira ya bushe, na ƙara wani. Koren ƙuruciyar tafasa yana da ɗan shuɗi-shuɗi a sama, ƙasansa kuma fari-fari, sai da na gwada sau tara a gefen takarda kafin ya zauna. Rana ta uku na ja jijiyoyi da burushin kurege, ina riƙe numfashi. A kusurwa na sa ganyen rai-ɗore guda daga gwangwanin madara, da tsininsa da jan karansa, na ja masa jan layi a kai. Fure kuwa ko ɗaya ban sa ba. A idon abokan aikina na Holan shafin zai yi kama da wanda ba a gama ba.

Na isa kasuwa da hantsi, ana tsakiyar ciniki. Gwaggo tana ɗaure rama ƙulli-ƙulli. Na rufe sunan da yatsa, na ɗaga. Ta ɗago kai sau ɗaya.

"Tafasa," ta ce, ta ci gaba da ɗaurinta.

Na tsaya riƙe da takarda kamar wadda aka dasa. "Shi ke nan, Gwaggo?"

"To me kike so in ce? Guɗa zan yi miki?"

Sai ta hangi wata matashiya da goyo tana cinikin daddawa a gaba, ta ƙwala mata kira. "Ke mai goyo, zo nan. Mene ne wannan?"

Yarinyar ta matso, ta leƙa. "Tafasa mana, Gwaggo. Wancan na gefe kuma ba a ci. Ina kuka samu ɗanya da ranin nan?"

Gwaggo ta sallame ta da hannu, ta juyo gare ni. "Kin ji. Da shekaranjiya kika gama ma ta fi taushi. Ina bokitin?"

"Yana gida."

"Kawo mini shi gobe, kada ta yi fure a banza."

Na wuce kai tsaye na miƙa wa mai ɗab'i shafin, washegari na sake rungumar bokiti a bas. A nan bayan rumfarta Gwaggo ta tsinke duka bakwai ɗin, ta dafa a ɗan gwangwani a kan murhun mai ƙosai, ta matse, ta kwaɗa da ƙuli da albasa. Ƙulin ya fi ganyen yawa. Muka zagaye murfin kwano mu huɗu, ni da ita da Iya Basira da Mama Chidi, kowa ya sa yatsu uku. Loma ɗaya na samu. Ban taɓa cin loma mai tsadarta ba, kuma gishiri ya ɗan yi mata yawa.